Maliki Ya Ji Magana

Da aka yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato, Maliki na cikin ma'aikatan da aka kwaso zuwa Birnin Kebbi. Akawu ne a ma'aikatar gona. Gidan haya ya yi wuya, sai ya bar matarsa Riskuwa da yara a Argungu, ya kama ɗaki a Gwadangaji, daga shi sai risho da katifa.

Ƙato ne tun yana saurayi, a ofis giwan ruwa ake ce masa. Yana da hawan jini, duk wata yakan je asibiti karɓar magani. A can, ko me ya kawo, amsar ɗaya ce. Ciwon kai, ƙiba. Tari, ƙiba. Ranar da ƙusa ta soke shi ma, Dokta Izzuddeen cewa ya yi da babu tumbin da ya ga inda yake takawa. Sikeli ne ke duba Maliki, likita faɗa kawai yake yi.

Bayan damina sai jiki ya fara zubewa. Bai rage ko loma ba, ci ma ya ƙaru. Ƙishirwa ba ta sakinsa, buta ba ta barin hannunsa, kuma inda ya yi fitsari kiyashi ke taruwa. Ya san wannan. Haka kawunsa ya fara kafin ciwon suga ya cinye masa ƙafa. Abu ɗaya Maliki ke so: a ɗebi jininsa a auna.

Da ya je Argungu ƙarshen mako, Riskuwa ta riƙe haɓa.

"Malam, wagga rama hwa? Zaman gwauranci na. Ba ka cin komi can."

"Ina ci, Riskuwa. Wallahi na hi da ci."

"To ina shika zuwa? In danginka sun gan ka haka ni za su zaga."

Ta dama masa fura, ta zuba suga har da ƙari. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi fuskarta, ya shanye.

Ranar asibiti ya hau sikeli yana riƙe da wando kada ya faɗi. Nas ta duba, ta sake dubawa, ta ƙwala wa likita kira. A karon farko Dokta Izzuddeen ya taso daga kujerarsa saboda Maliki, har da miƙa hannu.

"Yauwa! Malam Maliki ya ji magana!"

"Likita, ban yi komi ba. Ruwa nika sha kamar raƙumi. Don Allah a auna min suga."

"Ruwa ai shi ne lafiya. Ci gaba da sha."

"Kiyashi na bin…"

"Kai dai ba ka rabo da ƙorafi. Da kana kukan nauyi, yanzu an sauke maka kana kuka. Zo nan."

Ya ja shi zuwa baranda, inda masu hawan jini ke jere a benci, yawancinsu masu jiki, kowa ya sunkuyar da kai tun kafin a fara yi masa faɗa. Ya ɗaga hannun rigar Maliki da ke reto.

"Kun san shi, ko? Ku dube shi yanzu. Wanda ya ce ba ya iyawa, ƙarya yake."

Likita ne wannan, mai shekaru a makaranta, wanda da siririn mutum ne ya zo masa da ƙishirwa da rama da tun safe an tsaga yatsarsa an auna suga. Amma ƙato ne ya rame, don haka biki ake. Mutanen benci suka yi ta cewa masha Allahu.

"Ba sai ka riƙa zuwa duk wata ba," in ji likita, yana bubbuga kafaɗarsa. "Sai bayan babbar salla. Na gaba!"

A bakin ƙofa wata dattijuwa daga cikin masu layi, Hajiya Ma'u, ta biyo shi tana haki.

"Ɗan nan, tsaya don Allah. Mi kaka sha? Sassaƙe na ko rubutu? Na gaji da zagin yaron ga."

"Inna, ciwo na. Ba ni da lahiya."

Ta kalle shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Allah ya ba ka, kana rowa. To riƙe abinka."

Ta juya ta koma layinta. Maliki ya tsaya a rana, yana neman wanda zai sake gaya wa. 'Yan kabu-kabu masu babur, waɗanda a da ke kau da kai in sun hango girmansa, suka yo kansa suna rige-rige, kowa na cewa shi ya fara gani.