Haƙoran Baba Tela Sun Sake Karyewa

Karo na uku ke nan da haƙoran robar Baba Tela suka karye. Ya naɗe su cikin ƙyallen yadi ya tura aljihu, ya wuni a shago bakinsa a rufe. Duk wanda ya gaishe shi sai dai ya ɗaga masa kai. Da babbar 'yarsa ta biyo da yamma, kallo ɗaya ta yi wa kumatunsa da suka lotsa ta gane.

"Baba, sun kuma?"

"Robar zamani ce, uwata," in ji shi, yana kare baki da hannu. "Ba ta da ƙarko."

Ranta ya ɓaci. Washegari ta tasa shi gaba har wurin mai haɗa haƙoran, wani ɗaki a bayan asibitin haƙori, mai warin ƙonanniyar roba, ga farin gari ya lulluɓe teburin. Tun daga bakin ƙofa ta fara.

"Malam, wai da robar bokiti kake yi wa tsohon nan haƙori? Ko burodi ya tauna sai su fashe?"

Mai haɗa haƙoran bai yi musu ba. Ya karɓi gutsattsarin ya juya su a ƙarƙashin fitila.

"Yaya, robar nan tana jure tauna shekara da shekaru," ya ce. "In tauna ce ta gajiyar da ita, tsagewa take farawa a tsakiya, siririya kamar gashi. Wannan kuwa gefen ne ya ɓantare. Abin da ba ta jurewa shi ne faɗuwa a kan siminti."

Baba Tela ya gyara zama. Ya cusa hannun damansa ƙarƙashin cinya ya danne.

"Ni ban yar da su ba," ya ce da ƙarfi.

Mai haɗa haƙoran ya ce, "To, Baba. Bari mu sake gwada bakin. Ga ruwa, a kurkure."

Babu yadda zai yi, ya zaro hannun ya karɓi kofin. Kafin ya kai baki, rabin ruwan ya zube a rigarsa. Kofin yana ta kaɗawa, shi kuwa ya kasa tsayar da shi. 'Yar ta miƙo hannu ta riƙe masa gindin kofin har ya kurɓa.

"Tun yaushe, Baba?" ta tambaya a hankali.

Ya sake mata kofin.

"Tun bara. In ina wanke su ne suke suɓuce mini. Yanzu ko zare ba na iya zurawa a allura, sai na yi ta fama kamar mai kamun sauro." Ya yi 'yar dariya da bakin da ba haƙori. "Na san in kun ji, za ku ce in rufe shago. In na rufe, in zauna in yi me?"

Ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta juya ta ba mai haɗa haƙoran haƙuri.

"Ba komai, Yaya. Na sha zagin da ya fi wannan," in ji shi. Ya ce zai zuba sababbi da roba mai ɗan tauri, ya sa siririyar waya a ciki ta riƙe su. "Amma Baba, ko ƙarfe na sa, ƙasa ba ƙawarsu ba ce. A riƙa wanke su a kan kwano cike da ruwa, ko an saki su faɗa ciki."

Daga nan ba gida suka nufa ba, wurin likita ta kai shi, yana ta mita a hanya. Maganin da aka ba shi ya rage rawar hannun, bai raba shi da ita ba. Ɗinkin ado ya gagare shi, ya koma gyaran wando da cin bakin zani.

Ba a rufe shagon ba. Kullum da safe, kafin ta wuce aiki, 'yar takan tsaya ta zura masa zare a allurai ta jera a jikin matashi. Shi kuma yana tsaye a kanta yana cewa zaren ya yi gajere.