Lasisin Sandar Ɗanhausa

A shekarun nan da kuɗin fetur suka cika ƙasa, har kowane akawu ya sayi babur, an yi wata rigima a kasuwar Ruwan Godiya, aka farfasa wa mutane kai da gora. Ba a jima ba doka ta fito, wai kada wanda ya ƙara shiga kasuwa da sanda sai mai lasisi.

Tani, wata Bamagujiya mai sayar da daddawa daga Tafoki, ta ji sanarwar amma ba ta zaci da su ake ba. Mijinta Ɗanhausa tsoho ne mai tufkar igiya, kurkunu ya shanye masa ƙafar hagu tun yana saurayi, kuma ko bayan gida ba ya zuwa sai da sandarsa ta magarya.

Ranar kasuwa suna sauka daga akori-kura, ɗan dokan da ke bakin hanya ya fizge sandar ya jefa kan tarin waɗanda ya kama. Tsohon ya zube, igiyoyinsa suka watse. Tani na cikin tayar da shi sai ga wani ɗan kwangila ya fito daga sabuwar Fijo yana kaɗa kwagiri mai kan azurfa. Ɗan dokan ya ƙame masa, ya wuce abinsa.

Nan fa zirga-zirga ta tashi. Akawun da ke ba da lasisi, wani matashi Mamuda, ya ce sai an kawo shaidar likita cewa tsohon gurgu ne. Tani ta nuna masa ƙafar, ya ce idonsa ba takarda ba ne. Suka tafi har Ƙanƙara suka samo shaidar. Da suka komo ya ce saura a kawo sandar a auna tsawonta. Mai ajiyar kayan da aka kama kuma ya ce ba ya sakin sanda sai ya ga lasisinta. Damina ta kama, ciyawa ta cinye gonar Tani tana yawon ofis. Daga ƙarshe wani masinjan ofishin ne ya gaya mata a asirce cewa tuni aka hura wuta da sandunan, ranar da aka yi wa wasu manyan baƙi girki.

Ta tallafi mijinta suka koma gida.

Kasuwa ta gaba, suna sauka daga mota ta durƙusa ta ce wa mijin ya hau bayanta. Ya ƙi, ya roƙe ta kada ta tozarta shi. Ta sungume shi ta ɗaure da zane, ta ratsa tsakiyar kasuwa, mutane suka bar sana'arsu suka biyo ta duu. Ta shiga ofis ta dire shi bisa teburin Mamuda, kan takardu.

"Malam, kun ƙone waccan, ga wata na kawo," in ji ta. "Ni ce sandarshi yanzu. Tashi ka auna ni."

Mamuda ya dubi taga, ta cika da fuskoki. Ya ce, "Inna, doka ce, ba ni na yi ta ba."

"To kira wanda ya yi ta ya zo ya goye shi."

Aka tsare ta har la'asar, sannan aka sallame su ba tare da lasisin ba. Dokar dai ba wanda ya soke ta, amma daga ranar ɗan dokan ya riƙa kau da kai in ya hango tsoho da sanda.

Ɗanhausa bai ci moriyar wannan ba. Yara sun laƙaba masa Ɗan Goyo, sunan ya bi shi har gida. Maƙwabci ya sassaƙa masa wata sanda, amma bai ƙara taka kasuwa ba har ya rasu bayan kaka. Tani ta ci gaba da kasa daddawarta daura da ofishin, duk wanda ya fito daga ciki kuma ba ta sayar masa.