Ƙofar Iska a Motar Alhaji

Masta Sumaila ya riga ya kunna wutar walda lokacin da Ruwaida ta riƙe masa hannun riga.

"Kawu, dakata."

"In dakata da me? Ga ciwon a fili." Ya nuna wata 'yar ƙofar ƙarfe a jikin supacaja, na'urar da ke cusa wa inji iska. "Kullum a buɗe take, iska na zurarewa. In liƙe ta, motar Alhaji ta dawo da ƙarfinta."

Alhaji Mahama, mai motar, ya duba agogo. Tun safe ya baro Kwadaso, gobe kuma zai kama hanyar Tamale da iyalinsa.

Shekara talatin Sumaila ya yi yana gyara a Magazin, unguwar makanikai, shi ya riƙe Ruwaida har ta koyi lantarkin mota. Ba ta taɓa yi masa musu a gaban baƙo ba. Amma ta san in wutar nan ta taɓa ƙofar, a hanya injin zai tsaya da su.

"Lafiyarta ƙalau, Kawu. Supacaja bel ɗin inji ke juya ta, ba ta hutu. Direba ya ɗaga ƙafa daga totur, inji ba ya bukatar iskar, sai ƙofar ta buɗe, iskar ta zagaya baya. Ya taka, kwamfutar motar ta aiko wuta, ɗan ƙaramin moto ya rufe ta. Ka liƙe ta, iska ta rasa mafita, zafi ya taru."

Ya kashe wutar yana harararta. "To, malamar kwamfuta, me ya hana ta rufewa?"

"Saƙon ne ba ya isowa."

Ta zare soket ɗin da ke gefen ƙofar. Haƙoransa na ƙarfe sun yi kore shar, ruwa ya ci su.

"Alhaji, da tiyo ake wanke maka inji?"

"Duk Juma'a! Ni ba na hawa mota da datti."

Ta kankare haƙoran, ta busar, ta mayar. Ta jona kwamfutarta ta gwaji, ta danna. Ƙas! Ƙofar ta rufe. Ta sake dannawa, ta buɗe.

"Masta, yanzu maganar wa zan bi?" in ji Alhaji.

Sumaila ya nuna Ruwaida da baki.

"Riƙon sufana ni na koya mata. Wannan kam, ita za ka tambaya."

Ya goge yatsunsa a jikin wando, ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Ke, ina ne ake dannawar?"