Ranar da Hajjo Ta Ƙi Cin Abinci

Meshak ya ja kujera baya domin tsohuwar ta zauna, ita kuwa ta zaci zai wuce da kujerar ne, sai ta matsa gefe ta ba shi hanya.

"Mama, naka ne, ka zauna," in ji shi, yana murmushi. Shi ne babba a cikin masu kai abinci na Otal Kan Dutse, yana sanye da farar riga da ɗan baƙin ƙyalle a maƙogwaro.

Hajjo ta ɗosana a bakin kujerar. Nafisa, 'yarta, ta zauna kusa da ita tana gyara wa ƙaramar Zamzam zama a cinya. Salihu kuwa, mijin Nafisa, ya zauna daura da su yana share gumi, alhali iskar duwatsun Kagoro tana shigowa ta taga da sanyinta.

Dole ya yi gumi. Tun da ya auri Nafisa bai san matsayinsa a wurin wannan tsohuwa ba. Shi Bahaushe ne, ɗan 'yan citta na kasuwar Kafanchan, malamin dabbobin da ya je ruga yi wa shanu allura ya dawo da maganar aure. Marigayi Jibir, mijin Hajjo, shi ya ba shi yarinyar. Hajjo ba ta hana ba, ba ta kuma karɓa ba. A wajen Fulani mace ba ta ci ba ta sha a gaban surukinta, ba ta kuma kama sunansa. Amma Hajjo? In ya je ruga sai ta dama fura ta sha a gabansa har da lashe ludayi, tana cewa, "Salihu, miƙo min ƙoƙon can," kamar yaron maƙwabta. Ba ta taɓa zaginsa ba. Wallahi da zagin ne da ya fi masa sauƙi.

Da daminar bana yanar ido ta rufe mata gani, har ta daina bambanta maraƙi da kare. Salihu ne ya ɗauko ta a motar ofis ya kai ta asibitin mishan, shi ya kwana a benci, shi yake ba ta kunu da cokali sa'ad da aka naɗe mata fuska. A nan ya yi mata alkawari: in idonta ya buɗe, zai kai ta inda za ta ga ƙasar nan duka a ƙarƙashin ƙafarta. Yau ce ranar. Ba ya neman komai sai ta ci abin da ya saya mata, ta ce ya yi daɗi.

Ta daɗe tana kallon taga. Can ƙasa ga gonakin citta kore shar, ga jirgin ƙasa yana jan ciki zuwa tashar Kafanchan, ga wasu fararen ɗige-ɗige a bakin rafi.

"Ke, waɗancan shanu ne?" ta tambayi Nafisa.

"Shanu ne, Inna."

"Har ina ganin mai kiwon." Ta dafe ƙirji. "Alhamdu lillahi. Ashe zan sake gani."

Zuciyar Salihu ta yi fari. Ya ɗaga wa Meshak hannu.

Aka fara da romon kaza mai madara, a farin faranti mai zurfi, da ɗan ganye yana yawo a tsakiya. A gaban kowa an jera cokula da wuƙaƙe da masu yatsu, sai ka ce kayan tiyata, ga adiko an naɗe shi tsaye kamar hula. A teburin gefe wasu Turawa masu aikin hanya suna ci ba ko motsin baki, can kuma wani fasto da matarsa sun rufe ido suna addu'a. Nafisa ta yi bismilla ta fara sha. Hajjo ta dubi romon, ta haɗiye yawu, ta ja mayafinta ya rufe gefen fuskarta.

"Bismilla, Inna," in ji Salihu.

Hajjo ba ta ɗauki cokali ba.

To fa! Salihu ya ce a ransa cokulan ne suka tsorata ta. Ya sa Meshak ya kwashe su kaf, aka bar mata guda ɗaya, aka kawo ruwan wanke hannu ko za ta fi son haka. Ba ta taɓa ba. Romo ya huce, aka ɗauke shi.

Aka kawo gasasshen naman rago da dankalin turawa da aka kirɓa da man shanu, ƙamshi ya cika wurin. Hajjo ta ƙara juya kafaɗa. Salihu ya sunkuya wajen Meshak ya rage murya.

"Wa ya yanka ragon nan?"

"Haba, Oga! Malam Abdu ne yake yanka mana kowane safiya. Mu ba mu wasa da wannan." Ya juya ga tsohuwar. "Mama, ko ba ka son nama? Man shanun ma daga ruga ne muna saya."

Hajjo ta ɗan girgiza kai, ba ta ɗago ba.

Nan fa hankalin Salihu ya tashi. Ya ce a kawo kifi. Ya ce a kawo faten acca. Ya tambaya ko akwai nono. Meshak yana ta kai da kawowa, tebur ya cika da farantai, har matar fasto ta fara leƙe. Abin haushin, Nafisa tana ta cin namanta tana ƙunshe dariya, har ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafar a fusace. Wato shi ana dafa shi, ita tana dariya?

Tun da sassafe suka baro ruga, ya sani ko ruwa tsohuwar ba ta sha ba a hanya. Yunwa na cin ta, amma ta gwammace yunwar da abincinsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ajiye cokali.

"Inna, in abincin bai yi muku ba, ku yi haƙuri. Ni na yi kuskuren kawo ku. Sai mu tafi."

Hajjo ba ta dube shi ba. Ta matsa kusa da 'yarta ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma ya ji.

"Ki ce wa baban Zamzam Allah ya saka masa. Ki ce masa na ga dutse, na ga jirgi, na ga shanu. Abin da ya yi mini, ɗan da na haifa ma sai haka." Ta ƙara da cewa, "Abincin kuma yana da ƙamshi."

Nafisa ta juyo, idonta ya kawo ruwa, bakinta kuma yana dariya.

"Ka dai ji da kunnenka, ko? Baban Zamzam. Kai kuma ka zauna ka ƙura mata ido kana ta ci, ta ci. A gabanka za ta ci?"

Salihu ya buɗe baki ya kasa rufewa. Kai, wannan mutum! Shekara da shekaru yana jiran ranar da Hajjo za ta ji kunyarsa, ranar ta zo ta zauna a gabansa, shi yana can yana binciken wanda ya yanka rago. Ya dubi mayafin da ya kare fuskarta, ya dubi hannunta da ta ɓoye a cinya.

Ya miƙe tsam. "Bari in duba mota," in ji shi, ba tare da ya kama sunan kowa ba.

Ya fita baranda ya tsaya a jikin dogon bangon dutse, ya ba wa zauren baya. Hadari yana haɗuwa can wajen Kwoi, jirgin ya riga ya shige tasha. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya goge ido da hannun riga.

Sai ga Meshak ya biyo shi da farantinsa, fuska duk damuwa.

"Oga, abincinka zai yi sanyi. Ko mun yi laifi ne?"

"Ba ku yi laifin komai ba, Meshak. Surukata ce za ta ci abinci."

Meshak ya fashe da dariya. "Au! To ai da ka faɗa tun da farko." Ya ɗora farantin a kan bangon, ya shimfiɗa adiko a gefensa kamar dai a tebur, ya koma ciki.

Salihu ya ci abincin a tsaye, naman ya riga ya huce, kitsen ma ya fara daskarewa, amma bai taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba. Daga bayansa ya ji ƙarar cokali a jikin faranti, a hankali da farko, sannan da sauri. Can ya ji muryar Nafisa tana kiran Meshak, wai Inna ta ce ko akwai sauran romon nan na ɗazu.

Wuyansa har ƙaiƙayi yake don son ya leƙa. Bai waiwaya ba.