Atishawar Baba Direba

Baba Direba ya ƙare ƙuruciyarsa cikin hayaniyar fasinjoji, yau ga shi a ciki da falo babu mai ce masa ci kanka. Matarsa ta rasu. Ɗansa yana aiki can nesa, in ya bugo waya sai ka ce korarsa ake yi. Wata rana Baba sai ya yini bai buɗe baki ba, in ba shayi zai kurɓa ba.

Sai fa kyanwar maƙwabta, wata ja mai guntun wutsiya, marar kunya ta ƙarshe. Ta gano ragar tagar kicin ɗinsa ta yage, ta mai da wurin ƙofarta. Takan shigo ta haye kujerarsa ta miƙe, kamar ubanta ne ya saya.

Shi kuwa jikinsa ba ya shiri da kyanwa ko kaɗan. Da ta shigo idanunsa za su kaɗa su yi ja, hanci ya kama yoyo, sai atishawa mai ƙarar hon ɗin tsohuwar motarsa. Likita ya gargaɗe shi har ya gaji.

Bangon da ya raba shi da maƙwabtan ba shi da kauri, kuma matar gidan tela ce, kekenta na jingine da shi. Da ta ji atishawar sai keken ya tsaya.

"Sannu, Baba! Ta sake shigowa ko?"

"Tana nan, 'yata. Ta ƙwace min kujera."

Daga nan sai hira ta ɓarke ta bango: rigimar masu kawo ɗinki, ciwon gwiwarsa, labaran hanya. Shi ya sa bai taɓa gyara ragar nan ba, bai kuma gaya wa kowa dalili ba.

Wata safiya abin ya sauka a ƙirjinsa, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Telar ta tsorata. Kafin azahar mijinta ya zo da guduma da sabuwar raga, ya toshe tagar tsaf, kyanwa kuma aka hana ta fita.

"Yanzu ka huta, Baba," in ji mijin.

Baba ya yi godiya kawai.

Ya kuwa huta. Idanu suka washe, hanci ya bushe. Keken ɗinki yana ta aiki a bayan bango daga safe har yamma, babu abin da ke tsayar da shi. Kewa ta ishe shi, kuma yana jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofar mutane ba da wani dalili ba.

Ranar da abin ya kai masa iya wuya, ya ja kujera kusa da bango. Dattijo da furfurarsa, ya cika ƙirji ya ƙirƙiro atishawa. Ko shi da kansa bai yarda da ita ba.

Keken ya tsaya.

"Baba," in ji telar a hankali, "ai kyanwar tana nan a gabana."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Na sani, 'yata."

Sai ya ji tana jan kujerarta, ita ma zuwa jikin bango.

"To, sannu, Baba. Yaya gwiwar?"