Tsumman Wuta a Khumra

Mutanen Jidda ba su san sanyi ba, amma kada ka gaya musu. Da watan Janairu ya kama, iska ta ɗan kaɗa daga teku, sai ka ga kowa ya naɗe cikin rigar sanyi yana kukan bard, bard, wato sanyi da Larabci. Malam Muntaka yakan yi musu dariya a ransa, sai dai shi ma yana da tasa al'adar.

Gadi yake yi a wani filin ajiye kaya na maigidansa Hamad a unguwar Khumra, inda wata tsohuwar jar tarakta ke jan tankin ruwa. Duk safiyar da ya ji sanyi-sanyi, yana idar da asuba zai ɗora buta, ya kwarara ruwan zafi a kan famfon mai, ya naɗa tsumma a waya ya tsoma a dizal. Sannan ya ƙyasta ashana, ya kara wutar a bakin da injin ke shaƙar iska, ya ɗaga murya: "Murza!" Ɗansa Zaharadden, haifaffen unguwar Sa'alaba a nan Jidda, makanike mai 'ya'ya biyu, shi ke murza makullin.

Haka suke yi a can gida Kadawa lokacin huɗar alkama, shi da ƙanensa Abba. Can ne sanyi yake. Mai ya yi kauri, batir ya yi nauyi, yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Muntaka ke riƙe wuta, Abba na kan kujera yana kyarma yana tsokanarsa, wai Yaya gemunka zai riga injin kamawa. In taraktar ta tashi sai su tsuguna kusa da salansa suna ɗumama hannu, suna cin ɗumamen tuwo a kwano ɗaya. Daga nan Muntaka ya zo umra, ya ce zai ɗan taɓa aiki ya koma. Gemun da Abba ke tsokana a Jidda ya yi fari.

Makon jiya Abba ya aiko da saƙon murya, tari na katse shi. "Yaya, jikin sai a hankali. Taraktarmu tana nan, kullum sai an yi dambe da ita. Yaran yanzu tsoron wuta suke ji. Ka zo mu gana." Muntaka ya saurara har ya haddace, bai ba da amsa ba. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama. In ya miƙa kansa ga hukuma aka ɗauki hoton yatsunsa, ya bar Jidda ke nan, da jikokinsa a cikinta. Matarsa Inno ta yi maganar komawa gida har ta gaji.

Ran nan ya fito da butarsa kamar kullum. Ya zuba ruwan, ya naɗa tsumman, yana lalubar ashana a aljihu. Zaharadden na kan kujera, waya maƙale a kunne, wani mai mota yana ta damunsa da yalla yalla, wai ya yi sauri. Hankalinsa na can, hannunsa ya murza makulli.

Tarakta ta tashi tashi ɗaya. Ko tari ba ta yi ba.

Muntaka ya tsaya da tsumma a hannu, dizal na ɗiga a kan takalminsa. Zaharadden ya sauke wayar a hankali, ya kashe injin.

"Tun yaushe take tashi haka?"

"Baba, wallah…" Ya sosa ƙeya. Hausarsa takan gudu in ya ji kunya. "Min zaman, tun tuni. Kullum. Nan ma fi bard, ba sanyi, Baba. Ba ta son wuta."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Na gani kana farin ciki. In ka ce murza, fuskarka tana zama kamar ta yaro. Har Hamad ya ce a bar ka."

Kunya ta fara kama shi, kunyar dattijon da ya gane an daɗe ana lallaɓa shi. Ba ta jima ba ta wuce, kewa ta maye gurbinta. Ashe duk shekarun nan ba injin Hamad yake ɗumamawa ba. Wanda yake kira ya murza yana can Kadawa yana tari, ga tarakta a ƙofar gida da ke buƙatar wutar da gaske, babu mai riƙewa.

Ya warware tsumman daga wayar, ya ninke shi da kyau kamar wani abin kirki, ya mayar da ashanar aljihu. Ya dubi ɗansa ya daɗe, yadda ake duban abin da za a bari.

"Ka gaya wa uwarka ta fara haɗa kaya."

"Baba, in ka fita halas, ba dawowa."

"Na sani." Ya goge hannunsa a jikin riga. "Kira mini baffanka Abba. Ka ce masa ya ɗora ruwa, ga mai wuta nan zuwa."