Fara Ɗaya a Zauren Malam Babaji

"Wa ya rubuta maki wanga?" Malam Babaji ya tambaye ni, yana jujjuya robar soyayyar farata, tabarau a karan hanci.

Na dire kwanon kunu gefen tabarmarsa. "Mai buga takarda ne na Ƙofar Ƙwaya, Baba. Masu saye daga Abuja na son ganin Turanci."

"To ya cuce ki, Bashira. Grasshopper ya sa. Abin da kike soyawa locust ne."

Sana'ata ke nan, fara da yaji a roba, in aika tasha. Shi kuwa maƙwabcinmu ne a Ƙofar Guga, katanga ɗaya, tsohon malamin gona da ya shekara talatin yana bin ƙauyuka da feshi. Kullum sai ya tsokane ni, wai shi ya ƙarar da ƙuruciya yana kashe su, ni na mai da su jari.

"Ba duk hwara ba ce, Baba?"

"A bakinmu. Bature ya raba su. In tana ita kaɗai cikin ciyawa, ba ruwanta da kowa, grasshopper ce. In suka taru dubu-dubu suka tashi har su rufe rana, sun zama locust. Taron nasu kuma swarm. Ce a swarm of locusts."

Na faɗa. Ya ce na karya mata ƙafa. Sai da na maimaita sau huɗu, kunu na hucewa, sannan ya ƙyale ni, ba don ya gamsu ba.

Ya daɗe yana kallon ƙofar zaure. "Ni yanzu grasshopper ne, ɗiyata. Abokan aiki duk sun riga ni. Matata Zinariya ta tahi lahira. Ɗana Anas na can Fatakwal. Mutanen layin ga kuwa, kin san bakina. Tsorona ranar da za a sallace ni sahu guda ba zai cika ba."

Gaskiya ya faɗa. Ba wanda bai gyara wa zance ba a layinmu, daga ladan har mai shayi, shi ya sa ake gaishe shi daga nesa. Ni ma haƙuri nake yi. Amma ranar tausayinsa ya cika ni.

Washegari Rabe, mai kawo mani fara daga wajen Kaita, ya sauke buhu, na ɗauko masa zancen Malam Babaji.

"Babaji mai feshi? Yana nan da rai? Ai babana bai gajiya da labarinshi. Shekarar da hwara ta sauka, kwana uku ya yi a gonarmu, bai ko tuɓe takalmi ba."

Na kai wa Baba labarin da ɗumi-ɗuminsa, ina jiran murna.

"Kwana biyu ne," in ji shi. Amma ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Kwana tara bayan nan, ranar Talata da hantsi, ya cika. Maigidana Sada na riƙe da hannunsa. Anas ya ce a waya kada a jira shi, aka sa jana'iza bayan la'asar. Na kira Rabe na sanar da shi. Ya ce innalillahi, ya kashe waya.

Bayan azahar na leƙa ta ƙofa. Mutum bakwai na ƙirga a kan tabarma, da Sada a ciki. Haushi ya turnuƙe ni. Zumunta a ƙafa take, amma ga masu katanga ɗaya da mutum sun kasa taku goma. Na koma madafa na zauna, ban hura wuta ba.

Ana kiran la'asar na fara jin ƙarar babura. Ɗaya, biyu, sai na daina ƙirgawa. Ga a-kori-kura biyu sun tsaya bakin titi, tsofaffi na saukowa ana riƙe masu hannu, wasu da ƙasar gona a ƙafa. Daga Kaita suke, da Jibiya, da ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Mutanen layi da suka ga haka, kunya ta fito da su ɗaya bayan ɗaya. Sahu ya cika layin, ya lanƙwasa har gaban mai shayi.

Ina tsaye bayan ƙyaure na ji bakina ya faɗi Turancin nan na taron fara da ya koya mani. Wannan karon ban karya ba. Sai kuka ya ƙwace mani.

Da suka ɗauke shi, layin ya yi tsit. Na shiga zaure ɗauko kwanona. Robar farar na nan kan taga inda ya ajiye ta, bai buɗe ba. Ya soke kalmar mai buga takarda da jan biro, ya rubuta tasa a sama, haruffan na karkacewa.